Lauyoyin Tebur da Jaruman da Ba Sa Tari

Minti arba'in da biyu. Na san adadin ne domin idona yana kan agogon da ke kusurwar kwamfutata, ɗaya idon kuma yana kan batirin da ke ta sauka, ga shi an ɗauke wuta tun la'asar. Minti arba'in da biyu muka kwashe, mu biyar, duk manya masu iyali, muna gardama a kan ko mutumin da kake kallo da idonka ƙuru-ƙuru yana da ikon cin moriyar cewa ba a ganinsa.

Bari in koma baya, don na san da yawa cikin masu karanta wannan ba su taɓa jin sunan wasan ba. Dungeons & Dragons ake ce masa. Wasu Amurkawa biyu, Gary Gygax da Dave Arneson, su suka fitar da shi a 1974, ta wani ƙaramin kamfani mai suna TSR a garin Lake Geneva. Wasa ne na baki da takarda. Mutum huɗu ko biyar su zauna, kowa ya ƙirƙiri tauraro ɗaya da zai riƙa magana da bakinsa: mayaƙi, ko matsafi, ko ɓarawo, ko maroƙi. Mutum ɗaya kuma, jagora, shi ke riƙe da sauran duniyar baki ɗaya. Shi ne sarkin gari, shi ne mai gadin ƙofa, shi ne dodon da ke kwance a kogo. Ka ce, "Zan haura katangar nan." Jagora ya ce, "Jefa." Sai ka jefa ɗan lido mai fuska ashirin, ka tara abin da ya fito da makin da ke takardarka. In jimlar ta kai adadin da jagora ya sa, ka haura. In ba ta kai ba ka faɗo, karnukan gidan su farka. Babu kuɗi a ciki, babu mai ci babu wanda ake cinyewa, kafin wani ya ce caca na zo tallatawa. Tatsuniya ce da ake yi da baki biyar, ɗan lido kuma aikinsa ya hana kowa sanin ƙarshenta, har da jagoran.

Ni da abokan aikina muke yi ta intanet duk daren Asabar, domin kamfanin da nake rubuta wa manhaja ma'aikatansa a warwatse suke cikin ƙasashe. A cikinmu akwai wani da zan kira Lauya. Mutumin kirki ne, ya fi ni iya aiki, kuma shi ne ya sa na zauna rubuta wannan.

A daren da nake magana, tauraron Lauya ya yi layar zana ya ɓace, ya lallaɓa zai soki wani matsafi. Jagora ya ce ai matsafin yana da sihirin ganin ɓoyayyu, yana kallonka tun daga ƙofa, don haka ba ka da wata rata a kansa. Sai Lauya ya buɗe littafin 2014. A littafin, an bayyana halin wanda ya ɓace a layi biyu. Layin farko ya ce ba a ganinsa sai da sihiri ko wata baiwa ta musamman. Layi na biyu ya ce in ya kai hari zai jefa 'yan lido biyu ya ɗauki mafi girma, wanda ya kawo masa hari kuma ya jefa biyu ya ɗauki mafi ƙanƙanta. Babu wata kalma da ta ɗaure layi na biyu da na farko. Lauya ya ce to, littafi bai ce "sai dai in an gan shi" ba. An gan ni, na yarda, amma ratata tana nan.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne, ta fuskar haruffa yana da gaskiya. Sai da aka sake fitar da littafin a 2024 kamfanin ya toshe wannan ramin, ya rubuta ƙarara cewa wanda ke ganinka ba ka da rata a kansa. Shekara goma ke nan kafin a sa wa takarda abin da yaro ɗan shekara bakwai zai gaya maka a tsaye.

Na san irin wannan tunanin domin da shi nake cin abinci. Kwamfuta ba ta san nufi ba. Abin da ka rubuta shi take yi, ko da kowa a ofis ya san ba shi kake so ba. Ka manta sharaɗi guda, ta tura wa mutum dubu saƙo ɗaya sau hamsin, ko a jikinta. Kwana biyar a mako ina zaune da wannan halitta marar tausayi, ina ƙoƙarin hango kowace kafa kafin ta faɗa ciki, kuma ban taɓa hango su duka ba, babu kuma wanda ya taɓa. Ranar Asabar ita ce rana ɗaya da nake samun akasin haka: wurin da wani ɗan Adam mai hankali ke sauraron abin da nake nufi, ya yanke hukunci a kai. Sai ga Lauya ya zo yana roƙon wannan ɗan Adam ɗin ya koma kwamfuta. Wannan shi ne ƙorafina, kuma ban ɗauke shi ƙarami ba.

Masu wasan suna da wani misali da ya shahara a tsakaninsu. A doka, kowane zagayen faɗa daƙiƙa shida ne, kowane mutum yana tsaye a fili mai faɗin ƙafa biyar, kuma kana iya shirya kanka ka ce da zarar an miƙo mini abu zan miƙa wa na gaba. To, jera talakawa dubu a layi, ka ba na farko mashi. A cikin zagaye ɗaya mashin ya bi hannu dubu, ya yi tafiyar ƙafa 5,000 a daƙiƙa shida. In ka lissafa, ya haura kilomita 900 a awa, gudun jirgin sama ke nan. Sai mai dabarar ya ce na ƙarshe ya sake shi, ya ruguza ganuwar birni. Duba yadda ya yi. Da zai ba mashin gudu ya riƙe haruffan littafi, ya yi watsi da hankali. Da zai ruguza ganuwa kuma sai ya jefar da littafin ya ɗauko kimiyya, domin a littafi talakan ƙarshe mashi kawai ya jefa, ɓarnarsa ba ta wuce ta kowane mashi ba. Ban taɓa ganin lauyan tebur da ya tsaya a kan haruffa a lokacin da haruffan za su cuce shi ba. Lauyanmu ma bai taɓa tashi ya ce, "Jagora, ka manta, ai dodon nan yana da hari na biyu a kaina" ba.

Har wata al'ada ta kafu a kan wannan. Shekara da shekaru mutane suna tura wa Jeremy Crawford, wanda ya jagoranci tsara dokokin bugu na biyar, tambayoyi a Twitter, su ɗauki hoton amsarsa su kawo tebur kamar takardar kotu. Aka raba doka gida biyu, yadda aka rubuta ta da yadda aka nufa da ita, kowane gida da mabiyansa. Alhali littafin da suke rantsuwa da shi, shi da kansa ya ce jagora ke da maganar ƙarshe a teburinsa. Wannan ita ce doka ɗaya tak da lauyan tebur bai haddace ba.

Amma gardamar tsakiyar wasa reshe ce. Saiwar tana can ranar farko, ranar da ake ƙirƙirar tauraro.

Kowane tauraro yana da siffofi shida: ƙarfi, zafin nama, juriya, basira, hankali, kwarjini. A wasan 1974, 'yan lido uku masu fuska shida kake jefawa ga kowace siffa, bi da bi, abin da ya fito shi ne rabonka, daga 3 zuwa 18. Hanyoyi 216 ne 'yan lido uku ke iya faɗuwa, ɗaya kacal ke ba da 18. Sai ka dubi lambobin nan shida ka tambayi kanka, wane ne wannan mutumin? A bugun da ya biyo baya, in kana son ka zama irin mayaƙin nan mai tsarki da suke kira paladin, sai kwarjininka ya kai 17, kuma hanya 4 ce kawai cikin 216 ke kai ka can. Wani wasan ma, Traveller na 1977, ya fi haka tsanani. Kana bin rayuwar tauraronka shekara huɗu-huɗu a aikin soja ko fatauci kana jefawa, kuma yana iya mutuwa tun kafin a fara wasan. In ya tsira, ka fito da ɗan shekara arba'in mai tarihi a bayansa.

Yau kuma hanyar da ta fi yaɗuwa a irin teburanmu ita ce saye. A ba ka maki 27, kowace siffa ta fara daga 8 kyauta, ka sayi ƙari har zuwa 15, wanda kuɗinsa maki 9 ne. Yi lissafin da kanka: uku sau tara. Sai ka samu 15, 15, 15, 8, 8, 8. Siffofi uku da sana'arka ke bukata ka cika su, sauran ukun ka zubar. An ce an ba mutane 'yanci su ƙirƙiri wanda suke so. Abin da ya fito tagwaye ne. Mayaƙi bayan mayaƙi mai basira 8, matsafi bayan matsafi mai ƙarfi 8, kuma ba wanda ke wasa da takwas ɗin nan a matsayin rauni, an dai ajiye ta a lungun da ake fatan jagora ba zai leƙa ba. Mutum ya shiga intanet ya kwafo "gini" mafi kyau, wace sana'a za a haɗa da wace a mataki na nawa, sannan a ƙarshe ya tuna bai ba shi suna ba. Tarihin kuwa kullum ɗaya: maraya ne, an ƙone ƙauyensu, yana neman fansa. Maraya ba shi da uwar da jagora zai sa ta aiko a kira shi gida ana tsakiyar yaƙi.

Wannan ba daga sama ya faɗo ba. A 1997 kamfanin Wizards of the Coast ya sayi TSR, kamfanin da ya yi arzikinsa da wasan kati na Magic: The Gathering, wasan da gwaninta a cikinsa ita ce gano wane kati ke ƙarfafa wane. Bugu na uku da ya fito a 2000 ya zo da ɗimbin zaɓuɓɓuka da ake ɗora wa tauraro. Monte Cook, ɗaya daga cikin waɗanda suka tsara shi, ya rubuta daga baya cewa sun aro tunanin saka wa wanda ya ƙware da dokoki daga wasan katin, wato wasu zaɓuɓɓukan sun fi wasu kuma ba a gaya wa sabon shiga ba. Aka koya wa tsara guda cewa ana cin wasan ne tun a takarda.

Kada mai karatu ya ɗauka daga kan mimbari nake magana. Tauraro na na farko, sai da na rubuta ɗan shiri a Python ya yi mini gwajin faɗa sau dubu ɗari tsakanin takobi biyu da gatari ɗaya. Na kwana biyu a kai. Na samo amsa, na gina mayaƙin, na yi wata takwas ina wasa da shi, kuma yau in ka tsare ni ba zan iya gaya maka abu ɗaya da ya taɓa faɗa ba. Ga kuma abin da lissafin ya ɓoye mini, ko da yake a gabana yake: tazarar maki biyu a siffa, kamar tsakanin 14 da 16, ƙarin 1 ce kawai a kan ɗan lido mai fuska ashirin. Jifa ɗaya cikin ashirin ke nan take sauya sakamako. Saboda jifa ɗaya cikin ashirin na hana kaina barci.

Da muka fara sabon labari, jagora ya ce wannan karon jefawa za a yi, bi da bi, ba musanya. Na samu ƙarfi 7, zafin nama 11, juriya 6, basira 12, hankali 9, kwarjini 16. Na yi ta kallon shidan nan. Mutum ne mai baki, marar lafiya, marar dogon tunani. Sai na gan shi: tsohon maroƙi da aka kora daga fada, mai tarin da ba ya jin magani. Na sa masa suna Tanko, abokan aikina suka yi mako biyu suna koyon faɗin sunan. Makin ransa 6 ne a matakin farko, sara ɗaya mai kyau ya ishe shi.

Wani dare muna lallaɓawa ta bayan masu gadin wani gidan kaso, jagora ya ce in jefa a kan juriya, a ga ko Tanko zai iya riƙe tarinsa. Babu shafin da ya tanadi dokar tari. Na jefa, 4 ta fito, aka cire 2. Tanko ya ɓarke da tari a tsakiyar dare. Sauran suka ɓuya, shi kuwa ba ƙafar gudu, sai ya zauna a ƙasa ya ce wa mai gadin shi baƙo ne, an ce masa a layin nan akwai mai magani. Jagora ya yi shiru kaɗan, sannan ya ce ai uwar mai gadin tana haɗa maganin ƙirji. Tanko ya kwana a gidansu, ya sha jiƙo mai ɗaci, ya wasa tsohuwar har ta yi kuka. Bayan wata uku, da aka kewaye mu a garin, ɗanta ne ya buɗe mana ƙaramar ƙofa. Da juriyata 14 ce, da mun wuce shiru, da babu tsohuwa, babu ƙofa.

Na san abin da za a ce, kuma wasu daga ciki gaskiya ne. Jifa ba ta da adalci. Ko da hanyar da aka sassauta, wato a jefa huɗu a yar da mafi ƙanƙanta, wadda matsakaicinta ya ɗan haura 12, wani zai tashi da 17 da 16, na kusa da shi kuma ba shi da abin da ya wuce 12, kuma shekara guda za su yi a haka. Ba kowa ke son ya zama Tanko ba, bai kuma kamata a tilasta wa kowa ba. Akwai magani mai sauƙi, kowa ya jefa, tebur ya zaɓi jeri ɗaya da duka za su yi amfani da shi. Ni ba da maki 27 nake faɗa ba. Da tsarin da ke sa lamba a gaba mutum a baya nake faɗa, da kuma ɗaukar rauni a matsayin kuskuren da za a gyara.

Za a kuma ce doka ita ce garkuwar ɗan wasa daga azzalumin jagora. Na zauna a ƙarƙashin irinsa, wanda hukuncinsa ke sauyawa gwargwadon wanda ya yi tambaya. Sai dai littafi bai cece mu ba. Jagoran da ke son ya kashe ka zai aiko dodanni goma a inda biyu suka isa, kuma babu shafin da ya hana shi. Abin da ya yi mana magani shi ne mun daina zuwa. Jagoran kirki kuma abu biyu ake bukata daga gare shi, ya yanke hukunci cikin minti ɗaya a ci gaba, ya kuma tuna hukuncin mako mai zuwa ya yi wa kowa daidai da shi. In akwai ƙorafi a kawo bayan an tashi.

Su kuma masu cewa littafi shi ne littafi, su tuna abin da ya taɓa kasancewa a cikinsa. Bugun 1978 ya sa wa ƙarfin taurari mata iyakar da ba ta kai ta maza ba. Wani littafin 2016 ya cire wa jinsin ok maki biyu na basira tun daga haihuwa, sai a 2020 kamfanin ya janye. A 2024 aka ɗauke ƙarin maki daga jinsi gaba ɗaya aka mayar da shi kan tarbiyya da sana'ar da tauraro ya taso a ciki. Wanda ya tsaya a kan haruffa, dole ya kare kowace ɗaya daga cikin waɗannan har zuwa ranar da kamfani ya ba shi izinin dainawa.

Wanda kuma lissafin ne daɗinsa, ban raina shi ba, jinina ne. Akwai inda aka tanadar masa. Baldur's Gate 3, wanda kamfanin Larian na Beljiyam ya fitar a 2023, a kan dokokin bugu na biyar aka gina shi, kuma kwamfuta ba za ta gaji da shi ba ko zai kwana dubu yana gwaji. Amma a tebur akwai mutum huɗu da suka kwantar da yara, suka sayi data, suka ware awa uku kacal a mako. Minti arba'in da biyu kusan rubu'in wannan lokacin ne.

Tun da a mujallar adabi nake, ba zan wuce ban taɓa 'yan uwana marubuta ba. Buɗe labaran da ake turawa a WhatsApp da Wattpad ka duba jaruman. Dogo, kyakkyawa, ya gama digiri a Ingila, yana da kamfani, miskili ne amma mai tausayi, ya iya faɗa ya iya ƙira'a. Sha takwas a siffofi shida. Raunin da aka ba shi ma ado ne, wai ba ya son hayaniya. Irin ginin Lauya ne, sai dai shi Lauya aƙalla dokar maki 27 ta tilasta masa ya bar takwas a wani wuri. Alhali mu ne muka taso da Gizo, wanda ba shi da ƙarfin kura balle na zaki, ga kwaɗayi ga tsamin baki, kuma yaro bai taɓa cewa a ba shi tatsuniyar zaki ba.

A daren layar zana, jagora ya gaji ya ce hukuncinsa ya tsaya, wanda ake gani ba shi da rata. Lauya ya jefa ɗan lido ɗaya, 17 ta fito, ya soki matsafin ya faɗi. Ko jifa ta biyun da ya yi minti arba'in da biyu yana nema bai bukata ba. Batirina ya mutu kafin a raba ganima. Da asuba na kunna waya na tarar ya turo mini hoton shafin, ya ja jan layi a ƙarƙashin layi na biyu.